Kafin ka sayi monita saboda gem, juya bayanta

A yawancin gidajenmu talabijin ɗaya ne, yana falo, kuma yana da masu shi. Da hantsi na yara ne, bayan isha'i na Umma ne da Arewa24, ranar da ake buga Firimiya na maigida ne, da azumi kuwa tafsiri ba ya barin kowa ya matso. Wanda ya tara kuɗinsa ya sayi PS4 na hannu, wato na'urar gem ta PlayStation 4, shi ne na ƙarshe a layi. Sai wajen sha ɗayan dare zai samu fili, lokacin nan ko an ɗauke wuta ko a ce ya rage ƙara mutane na barci. Shi ya sa tun da yaran unguwa suka san aikin kwamfuta nake yi, tambayar da suka fi tare ni da ita ita ce, "Yaya, wai monitar kwamfuta za ta ɗauki PS?"

Za ta ɗauka. Ni ma a kanta nake bugawa, kuma ko filasma mai inci 55 aka ba ni kyauta ba zan mayar da gem ɗina kanta ba.

Babban dalilina shi ne jinkiri. Talabijin kafin ya nuna maka hoto sai ya yi masa kwalliya: ya gyara launi, ya goge dishi-dishi, wani ma ya ƙirƙiri hotunan da babu su ya cusa a tsakani don motsi ya yi santsi. Duk wannan yana cin lokaci. Gem yana turo hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto ke nan yana da kusan kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa. Talabijin da ba a sa shi a Game Mode ba, wato saitin da ke rage wannan kwalliyar, yana iya riƙe hoto uku, huɗu, ko fiye kafin ya sake su. A kallon fim ba za ka taɓa ji ba. A ƙwallo kuwa za ka danna fasin ɗan wasanka ya tsaya kamar yana shawara, kafin ya buga an ƙwace. Sai ka ga mutum yana zagin fad, abin dannawar da ke hannunsa, yana buga shi a cinya, alhali laifin talabijin ne. Monita ba ruwanta da kwalliya, abin da aka ba ta shi take nunawa nan take.

Ga kuma maganar wuta. Monitar LED mai inci 22 ko 24 ba ta wuce wat 20 zuwa 30. PS4 Slim yana shan wajen wat 70 zuwa 80 idan ana cikin wasa, na farkon da ya fito a 2013 ya fi shi ci, yana haura 100. Haɗa su biyun, ƙaramin janaretan nan ɗan Tiger zai ja su har da fanka da cajin wayoyin gida. Wanda ke da inbata da batir ɗaya tal ya fi kowa sanin amfanin rage wat 40 ko 50 daga abin da talabijin ke ci idan dare ya yi nisa.

Sannan ga su nan birjik a kasuwa. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauya kayan aiki duk bayan 'yan shekaru, kwantena ta kwaso tsofaffin zuwa Legas, daga Alaba da Computer Village na Ikeja su hauro Kano. Ka bi ta Beirut Road ko ka shiga Sabon Gari za ka gan su jere, Dell, HP, Lenovo, Samsung, wasu da lambar ofishin da suka baro har yanzu manne a ƙeyarsu. To amma don ofis aka ƙera su, ba don gem ba, kuma a nan maganar take. Mai shago zai kunna maka ita, ya sa hoton furanni, ya ce, "Maigida, dubi haske!" Ka bar shi da haskensa, ka ce ya juya maka bayanta. Ramukan da ke can su za su gaya maka ko waya ɗaya za ka ƙara saya, ko kuwa za ka yi sati kana zarya kasuwa.

Idan akwai ramin HDMI, an gama maganar hoto. Waya ɗaya daga gem zuwa monita, ka danna maɓallin Input ko Source ka zaɓi HDMI, shi ke nan. Kada wani ya ɗora maka waya mai bakin ruwan zinare da tsada wai hoto zai fi kyau. Saƙon lambobi ne ke bi ta ciki, ko ya isa ko bai isa ba.

Ramin da aka fi rainawa shi ne DVI, farin nan mai faɗi, mai ƙananan huji da yawa da ƙusa biyu na murɗawa a gefe. Samari suna ganinsa sai su ce monitar tsohuwa ce, su wuce. Alhali DVI, wanda ya fito a 1999, a kansa aka gina HDMI da aka kammala tsarinsa a ƙarshen 2002. Saƙon hoton iri ɗaya ne, sauti aka ƙara aka kuma rage girman kan. Saboda haka ba a buƙatar wata na'ura a tsakani. Waya ce kawai, kan HDMI a gefe ɗaya, kan DVI a ɗaya gefen, hoton 1080p ya fito tas, ba shi da bambanci da na HDMI ko ƙanƙani. Ɗauki Dell P2414H: inci 24, gilashin IPS wanda launinsa ba ya juyewa daga gefe, 1920 x 1080 wato 1080p, ramukanta VGA da DVI da DisplayPort, babu HDMI. Don wannan rashin kaɗai ake karya mata farashi, kuma ita ce a kan teburina. Abu ɗaya za ka duba, kan DVI kala-kala ne. Wanda ke da ƙarin ƙusoshi huɗu kewaye da faffaɗan ƙarfen nan na gefe ba ya shiga ramin da ba a yi wa hujinsu ba. Ka ce DVI-D kake so, kuma ka soka a gaban mai shagon.

Sai VGA, shuɗin rami mai huji 15, wanda IBM ta fito da shi tun 1987. Mafi arhar monitocin kasuwa shi kaɗai gare su, kuma shi ya fi cin kuɗin yara. Matsalarsa ba ta siffar kai ba ce. HDMI lambobi yake turawa, VGA kuma hawa da saukar ƙarfin wuta yake ganewa, ja da kore da shuɗi kowanne da layinsa. Yarensu ba ɗaya ba ne, dole sai da tafinta a tsakani, wato ƙaramar kwanbatar nan mai ɗan guntun kwakwalwa a ciki. Wayar da za ka gani kan HDMI nan, kan VGA can, siririya babu wani kumburi ko akwati a jikinta, kada ka ba da ko sisi. Ba za ta kawo ba.

Tafintan nan kuma hannu ɗaya yake fassara. Ɗan yayata ya taɓa shigo mini da leda, ransa a ɓace.

"Kawu, na sayo abin da ka ce, amma baƙi ƙirin take nunawa."

Na karɓi kwalin, a jiki an rubuta VGA to HDMI. Wannan ta mai tsohuwar kwamfuta ce da yake son haɗa ta da filasma. Shi HDMI to VGA yake buƙata. Sunan farko shi ne inda hoto ke fitowa, na biyu inda zai shiga. A ido kamarsu ɗaya, har yaron shagon ma ba lalle ya san bambancin ba, abin da ke kusa da hannunsa zai miƙo maka. Kai za ka karanta kwalin da kanka.

Ko ka dace da hannun, da saura. Kwanbata tana buƙatar wuta don ta yi aiki, kuma masu arha daga ramin HDMI suke tsotsa. Laftof tana ba su abin da ya ishe su, shi ya sa a shago idan an gwada da laftof sai ka ga ta kawo raɗau. PS4 kuwa ɗan abin da yake fitarwa ta nan ba ya isar da yawansu. Ka je gida ka haɗa, ko shiru, ko hoto ya riƙa zuwa yana ɗaukewa. Magani shi ne kwanbata mai ƙaramin ramin caji a gefe, irin na wayar Android ta da. Ka soka mata waya ka kai ɗaya kan ramin USB na gaban PS ɗin ko kan cajar waya. Idan za ka saya, ka nemi mai abu biyu a gefenta, ramin wuta da ramin iyafis. Na biyun zan zo kansa.

Akwai kuma wani ɗan sanda da ke tsaye a hanya, sunansa HDCP. Kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro shi don hana satar finafinai ta waya. Kafin gem ya saki hoto sai ya tambayi abin da aka haɗa shi da shi ko yana da izini, idan amsa ba ta zo ba ya rufe. Tsofaffin monitocin DVI da wasu kwanbatoci ba sa iya amsawa. A PS4 abin da sauƙi, don tun 2014 Sony ta ba da damar kashe shi. Ka fara haɗa gem ɗin da talabijin na gida, ka shiga Settings, ka gangara System, ka cire alamar da ke kan Enable HDCP, sannan ka kashe ka mayar kan monita. Wasanni duk za su yi. Netflix da faifan Blu-ray ne za su ƙi buɗewa sai ka mayar, kuma ban san wanda ya sayi PS4 na hannu a Kano don kallon Blu-ray ba. A PS3 ba a kashe shi sam, don haka mai PS3 sai ya gwada monitar ko kwanbatar kafin ya biya.

DisplayPort shi ne tarkon da ko masu ɗan sani yake kamawa. Ya yi kama da HDMI, sai dai kusurwa ɗaya ce a yanke maimakon biyu. Kasuwa cike take da wayoyi masu kan DisplayPort da HDMI, masu arha, kuma za su shiga ramukan daidai. Amma an yi su ne don hoto ya fito daga DisplayPort na kwamfuta ya shiga HDMI na allo. Ka juya su, ba abin da zai faru. Mai yin akasin haka na'ura ce mai wutar USB, ta fi tsada, kuma ba kowane shago ke ajiye ta ba. Duk monitar da na gani mai DisplayPort ba HDMI, kusan kullum akwai DVI a gefensa. Shi za ka bi.

To ka haɗa komai daidai, monita ta rubuta Out of Range ko Input Not Supported. Kada ka tsorata, ba abin da ya ƙone. Gem ɗin ya tuna girman hoton talabijin da ya baro ne, yana tura wa monita abin da ya fi ƙarfinta. A PS4 ka kashe shi gaba ɗaya, ba Rest Mode ba, sai fitilar ta mutu. Ka danne maɓallin kunnawa ka riƙe, za ka ji ƙara ta farko, kada ka saki, bayan wajen daƙiƙa 7 ka ji ta biyu. Ka haɗa fad da wayar USB, don a nan ba ya aiki ta iska, ka danna PS, ka zaɓi na biyu a jerin, Change Resolution. Zai tashi da ƙaramin hoto na 480p, daga nan ka zaɓi 720p ko 1080p gwargwadon abin da monitarka ke ɗauka. A PS3 ya ma fi sauƙi: yana kashe da jar fitila, ka danne maɓallin sai ka ji ƙara ta biyu, ya sake tantance allon da kansa.

Nan ne siffar monita ke shigowa, kuma mutane ba sa kula da ita a kasuwa. PS da Xbox na yanzu hoto mai faɗin 16:9 suke fitarwa. Monitocin nan masu kusurwa huɗu kusan daidai, inci 17 da 19, 1280 x 1024, za su matse hoton daga gefe, 'yan wasa su zama dogaye sirara, ƙwallo ta koma kamar ƙwai. Masu 1440 x 900 da 1680 x 1050 su ma suna ɗan jan hoton sama, ko da yake wasu suna da saitin Aspect da zai bar baƙin layi sama da ƙasa a zauna lafiya. Mai inci 18.5 da 1366 x 768 siffarta daidai ce, ka sa mata 720p ka ci gaba da harkarka, sai dai rubutun cikin wasa zai yi ɗan dishi. Ni shawarata, idan kuɗinka bai kai na 1920 x 1080 ba, ka ƙara haƙuri wata ɗaya. Araha ba ta ado.

Yanzu sai sauti, wanda shi ne ainihin wahalar wannan harka, kuma ba mai gaya maka sai ka isa gida ka kunna ka ga filin wasa cike da jama'a ba ko tari. Yawancin monitocin ofis ba su da sifika. DVI da VGA ba sa ɗaukar sauti ko kaɗan. Mai HDMI kuwa sautin yana isa cikinta, amma idan ba ta da inda za ta fitar da shi a nan zai mutu.

Ka fara leƙa ƙarƙashin monitar. Idan akwai ƙaramin rami zagayayye, ka karanta abin da aka rubuta. Audio Out ko zanen hedfon, ka tsira, soka sifikarka nan. Audio In kuwa na shigar da sauti ne daga kwamfuta zuwa sifikar cikin monitar, ba zai fitar maka da komai ba. Na sha ganin wanda ya soka ufa a nan yana ta murɗa ƙara.

Idan babu, hanya mafi arha tana hannunka. Fad ɗin PS4 da na PS5 suna da ramin iyafis a ƙasa. A PS4 ka soka, ka danne maɓallin PS, ka shiga Sound/Devices, a Output to Headphones ka sauya daga Chat Audio zuwa All Audio. Idan ba ka sauya ba muryar abokan hira kaɗai za ka ji. Ga mai buga gem da tsakar dare wannan ta fi kowace, ba wanda zai buga maka ƙofa. Za ka iya ma jan waya daga fad ɗin zuwa sifika, amma batirin fad zai riƙa saurin ƙarewa, waya na jan hannunka, kuma idan kana cajin fad da sifikar daga wuri ɗaya sau da yawa wani zuuu yake shiga sautin. Sifikar Bluetooth kuwa ka cire rai, PS4 ba ya haɗuwa da irin waɗanda muke jin waƙa da su. Amma yawancinsu suna da ramin AUX, ta nan za ka shiga da waya.

Abin da na fi so shi ne ɗan ƙaramin katin sauti na USB, kamar filash, mai rami biyu, kore na sifika da ja na makirfo. Ka soka a gaban PS, ya ɗauke shi a matsayin hedfon, ka sa All Audio, ka haɗa ufarka a koren ramin. Ba waya a hannunka, ba cin batir. Mai kwanbatar VGA mai ramin iyafis shi ma ya huta, daga nan zai ja sauti. Akwai kuma akwatin da ke raba sauti da hoto daga HDMI, ya wuce da hoton monita ya ba ka ja da fari. Yana aiki, amma ƙarin soket ne da ƙarin waya. Duk wanda ka bi cikin biyun nan na ƙarshe, ka shiga Audio Output Settings ka bar tsarin sautin a Linear PCM. Ka sa Dolby, ƙaramar na'ura ba za ta gane ba, ko shiru ko ƙara mai tsaga kunne. PS4 na farko da Pro suna da wani ramin sauti na daban a baya, wanda ake kira Optical, Slim na 2016 da PS5 an cire musu.

Mai PS3 ya fi kowa morewa a nan. Tsohuwar wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, ta PS2 ma tana shiga. Ka bar hoto ya bi HDMI, ka soka wannan a ramin AV, ka kai ja da fari kan ufa, ka rabu da rawayan yana lilo. A Sound Settings ka zaɓi AV MULTI. An gama, ba ka kashe komai ba.

Wani ɗan gyara da ba ya cin minti ɗaya: idan ka ga baƙi ya koma toka-toka, hoton kamar an yayyafa masa hazo, ko kuma wurare masu duhu sun toshe ba ka ganin abokin gaba, maganar RGB Range ce a Video Output Settings. Talabijin yana aiki da ma'aunin 16 zuwa 235, monita da 0 zuwa 255. Idan gem ya ɗauka da talabijin yake magana sai launi ya wanke. A monita ka sa Full, musamman idan ta DVI ka shiga.

PS2 fa? Ana tambayata sosai, don har gobe shi ke riƙe da gidajen gem na lungu, da PES ɗin da aka sabunta wa 'yan wasa a filash. Gaskiya ban ba da shawara ba. Na'urar shekarar 2000 ce, an yi ta don talabijin mai ƙatuwar ƙeya, yawancin wasanninta suna fitar da hoto rabi-rabi ne, layi ɗaya yanzu ɗaya an jima, abin da ake kira 480i ko 576i. Monitoci da yawa ba sa karɓar wannan. Ɗan abin nan da ake soka wa PS2 a baya ya ba da HDMI ba ya ƙara girman hoto, yadda ya karɓa haka yake miƙawa, don haka zai yi a filasma ya ƙi a monita. Idan ma zai yi, sai ka fara sauya Component Video Out zuwa Y Cb/Pb Cr/Pr a saitin PS2 ɗin. Akwatin AV zuwa VGA yana kawo hoto, amma a dagule, ga jinkirin da ka gudo wa. Tsohon talabijin mai inci 14 da ke jibge a sito ya fi su duka.

Xbox 360 kuwa shi ne ɗan gatan VGA. Da ya fito a 2005 ba shi da HDMI ma, sai a 2007 aka fara sa masa, don haka Microsoft da kanta ta yi masa wayar VGA mai haɗe da ja da fari na sauti. Ba kwanbata, ba HDCP a wasa, kuma a saitinsa akwai girman monitoci irin su 1280 x 1024 da 1440 x 900. Idan kana da 360 da tsohuwar monita, wannan wayar kaɗai za ka nema. Samfurin ƙarshe na 2013, wanda ake kira E, shi ne aka cire wa ramin da take shiga.

Tun da na ambaci 360, bari in yi gargaɗin da ya fi duk na baya tsada. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Jafan 100. PS4 da PS5 suna ɗaukar 100 zuwa 240, ba ruwansu. Amma ƙaton bulon wutar Xbox 360 da na Xbox One na farko, da cajar Wii, da PS2 mai kauri, kowanne na ƙasar da aka sayar da shi ne. Kayan Amurka ya zo a kwali, ka soka kai tsaye, ƙara ɗaya za ka ji sai ƙauri. Karanta rubutun jikin bulon kafin komai, idan bai kai 220 ba sai da tiransifoma mai rage wuta. Haka ita ma monitar, ka duba. PS4 kuma ba ya son a ɗauke masa wuta yana cikin ajiye wasa. Sau ɗaya sau biyu zai tashi ya duba kansa ya wuce, wata rana sai ya tashi ya ce bayanan sun lalace. Ƙaramin UPS irin na kwamfutar ofis zai ba ka 'yan mintunan da za ka kashe shi da mutunci, kuma da yake monita ba ta da ci, zai ɗauke su tare.

Masu cewa za su haɗa PS da laftof, ramin HDMI na laftof na fitarwa ne, ba ya karɓa. Sai dai ta katin ɗaukar hoto na USB, shi kuma yana kawo jinkirin da ya fi na talabijin. Don naɗar wasa a ɗora a TikTok ya yi, don buga ƙwallo da wanda ya iya bai yi ba.

Wanda Allah ya hore wa PS5 ko Xbox Series, shi ne maganar 1440p da 120Hz ta shafa, wato hoton da ya fi 1080p fitowa tas da kuma hoto 120 a daƙiƙa ɗaya. Sony ba ta buɗe wa PS5 1440p ba sai a Satumban 2022, kuma 4K a 120 sai da HDMI 2.1, kuɗin irin wannan monitar kuwa ya kusa na gem ɗin kansa. Fortnite da Call of Duty suna amfana da 120. Mai PS4 kada ya wahalar da aljihunsa, na'urarsa ba ta wuce 60, ko ya sayi mai 165Hz sittin ɗin zai gani. "1ms" ɗin da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali ma saurin sauya launin ɗigon allo yake nufi, ba jinkirin da ke tsakanin yatsanka da hoto ba. Dogayen monitocin nan masu faɗi sosai su ma ba na gem irin wannan ba ne, baƙi za ka samu dama da hagu.

Inda monita ta gaza shi ne taro. Mutum ɗaya ko biyu a gaban tebur, inci 24 ya wadatar. Amma majalisa ta cika, mutum shida suna jiran wanda za a ci ya miƙa fad, na gefe ba abin da yake gani, balle idan gilashin TN ne, wanda da ka karkata kaɗan launi ke juyewa, ka zauna a tabarma ka kalle shi daga ƙasa ya yi duhu. Yawancinmu kuwa a ƙasa muke zama. Don haka a shago ka durƙusa ka kalle ta daga ƙasa, ka matsa gefe ka sake kallo. Idan hoton bai sauya ba IPS ce ko makamanciyarta. Mai shirin buɗe gidan gem dai talabijin zai saya, ya sa Game Mode.

Ranar sayayya ka sa PS ɗin a jaka da fad da wayoyinsa ka tafi da shi, ko da za ka biya mai adaidaita ƙari. Gwaji da laftof ɗin mai shago ba ya nuna komai. Ka haɗa naka, da wayar ko kwanbatar da za ka tafi da ita gida, ba wata ba. Ka sa ya nuna maka fari fat da baƙi ƙirin don ka ga matattun ɗigo da tabon dannewa, waɗanda hoton furanni ke ɓoyewa. Ka gwada sauti nan take. Sannan ka buga aƙalla rabin wasa, don wasu kwanbatocin sai sun ɗauki zafi suke fara ɗauke hoto, a zafin Kano na watan Afrilu kuwa ba sa jimawa. Yaron shagon ba zai ƙi ba, shi zai fara neman fad na biyu. Kafin ka ƙirga kuɗi ka tabbatar an haɗo maka da wayar wuta da gindin monitar, don da yawa an ciro su ne daga maƙalin bango ko na tebur, kuma a rubuta maka a rasit kwana nawa kake da su na dawo da ita idan ta ƙi.